Wace makaranta zan shiga in koyi gini?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Bana na gama sakandare, shekaruna 19, kuma babu abin da nake so kamar aikin gini. Hutu uku ke nan ina bin kawuna wajen aiki, ina ɗaukar kwano, ina jiƙa bulo, har ya fara bari in ɗora layi ɗaya ko biyu. Yanzu a gida an ce in zaɓi makaranta. Ga jami'a, ga kwalejin fasaha, ga makarantar koyon sana'a ta shekara biyu, kuma kowacce in ka karanta takardar tallarta sai ka rantse babu kamarta. Ta yaya mutum zai gane wadda za ta koya masa aikin da gaske? Don Allah ku taimaka, ina tsoron ɓata shekarun da ba za su dawo ba.

Tsohon Birkila: Wa'alaikumus salam ɗana. Ni fiye da shekara talatin ina riƙe da cokali, kuma shawarata gajeruwa ce: ka riƙe kawunka da kyau. Gini a hannu yake. An taɓa kawo mana wani yaro da takarda mai kyau, aka ce shi zai duba mu. Ranar da za a fitar da fandisho ya tsaya da zane a hannu ya rasa yadda zai daidaita kusurwa. Ni na ɗauko igiya da tef, na auna uku nan, huɗu can, na ja tsakaninsu ya ba ni biyar, kusurwa ta zauna. Na sake auna daga lungu zuwa lungu, biyun suka zo daidai. Sai ya ce ai ya san wannan, an koya musu a lissafi. To, sanin da bai sauko hannu ba, me ya tsinana masa a cikin rana?

Injiniyan Bene: Baba, Allah ya ƙara girma, abin da ka faɗa yana faruwa, ni ma birkila ne ya koya mini riƙe igiya a shekarata ta farko. Amma ƙanena, kafin a kai ga makaranta, ka amsa mini tambaya ɗaya: in ka rufe ido ka hango kanka nan da shekara goma a wurin gini, me kake yi? Don kalmar gini ta haɗa mutane da yawa. Akwai mai zana gidan, ya tsara ɗakuna da iska da haske. Akwai injiniya da ke lissafa nauyi, ya ce ginshiƙin nan rodi kaza zai ɗauka. Akwai mai ƙididdige kaya da kuɗi, akwai safiyo, akwai mai tafiyar da aikin a fili, ya haɗa kan ma'aikata da kaya da lokaci. Sannan ga masu hannu: birkila, kafinta, mai ɗaurin rodi, mai famfo, mai wuta, mai tayil. Hanyar kowa daban. In sa hannu a kan lissafin bene kake so, jami'a ce hanyar, shekara huɗu ko biyar gwargwadon ƙasa, kuma lissafi da kimiyyar fiziks za su bi ka har cikin barci. In tsayawa kan aiki kake so, kwalejin fasaha ta fi kusa da bukatarka. In kuwa hannunka kake so ya ƙware, makarantar sana'a mai kyau ta fi maka digirin da ba ka so.

Sabon Shiga: Yaya, gaskiya ba na jin zan iya zaman ofis. Ina so in kasance a fili, amma in zama wanda zai karanta zane ya gane, ya kuma san dalilin kowane abu. Wata rana in karɓi aikina da kaina.

Tsohon Birkila: Duk wannan ai ana koyonsa a fili. Ni wa ya koya mini zane? Ido da daɗewa.

Injiniyan Bene: Baba, bari in yi maka tambaya, kuma na san ka san amsarta. Barandar da ke fitowa daga jikin bene babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, ina ake sa babban rodinta, sama ko ƙasa?

Tsohon Birkila: A sama. Amma da tsada na koyi wannan, ba zan ɓoye ba. Ina matashi muka zuba wata baranda, mai ɗaurin rodi ya ɗaura daidai, sai leburori suka yi ta bi ta kai da baro suna tattakawa har rodin ya kwanta ƙasa. Babu wanda ya ce uffan, don duk a tunaninmu rodi ai rodi ne, in dai yana ciki shi ke nan. Da aka cire katakon da ke tallafe da ita, tsaga ta fito tun daga wannan gefe har wancan, daidai inda ta haɗu da bango. Allah ya tsare babu kowa a ƙasa. Sai da aka fasa ta gaba ɗaya.

Injiniyan Bene: To wannan shi ne abin da nake so yaron nan ya samu tun kafin tsagar ta fito. Kankare yana jure danni sosai, amma in aka ja shi, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake sa rodi a inda ake jan sa. A dakin, wato rufin kankare, da ke zaune kan bango biyu, tsakiyarsa ƙasa ce ke buɗewa, rodi ya tafi ƙasa. A baranda mai fitowa, sama ce ke buɗewa, rodi ya hau sama. Malami mai kyau zai nuna maka wannan da soso a hannunsa cikin minti biyar: ya lanƙwasa shi, ka ga gefen da ramukan suka buɗe da gefen da suka matse. Kuma ka tuna mita ɗaya ta kowane gefe ta kankare tana kai kilo 2,400. Dakin mai kaurin santimita 15 yana ɗora kilo 360 a kan kowace murabba'in mita tun kafin mutum ɗaya ya hau. Wanda ya san wannan ba zai bari a cire katako don mai gida yana sauri ba.

Malamin Aikin Hannu: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, don koyar da wannan aiki nake yi. Baba da Injiniya duk gaskiya suka faɗa, kuma makarantar da kake nema ita ce wadda ta haɗa su biyun a rufi ɗaya. Irinta akwai, kuma akwai masu kama da ita a takarda kawai. Ba za ka bambance su daga gida ba. Sai ka taka.

Ka je ranar aiki, da hantsi, ba ranar da suka ware don baƙi ba. Kar ka tsaya a ofishin karɓar ɗalibai, ka roƙi a kai ka inda ake aikin hannu. Tun daga ƙofa ka dubi tarin yashi. In ciyawa ta fito a kansa, ka samu rabin amsarka. Wurin da ake koyon gini da gaske ba ya tsabta irin ta ofis: za ka ga guntun bango an gina an rushe an sake ginawa, cokula sun cinye a baki, ƙasa ta yi fari da ƙura. Ka ƙirga kayan aiki, ka tambayi yawan ɗaliban aji. In ɗalibi sittin ne cokali goma, to hamsin kallo suke yi, kallon kuma ka riga ka yi shi kyauta wajen kawunka.

Daga nan ka nemi ɗakin gwaji. Ka ce a nuna maka injin da ke matse kankare. Ana zuba kankare a ƙaramin akwatin ƙarfe mai milimita 150 ta kowane gefe, a bar shi ya kwana, a cire a jiƙa a ruwa, a matse wasu a kwana 7, wasu a kwana 28, a rubuta nauyin da ya fasa su. Kar ka tsaya kan ganin injin, don ana iya lulluɓe shi da leda shekara biyar babu mai taɓawa. Ka leƙa bayan ɗakin. In ana aiki da shi, za ka tarar da tulin fasassun dunƙulen kankare da kwanan wata a jikinsu. Wannan tulin ya fi mini duk hotunan da ke cikin takardar talla. Ka tambayi mazurarin gwada laushin kwaɓi, mai tsayin milimita 300, wanda ake cikawa kashi-kashi ana soka kowane kashi sau 25, a ɗaga a auna yadda kwaɓin ya zauna. In ɗalibin shekara ta biyu ya ɗauko ya nuna maka ba tare da ya nemi malami ba, makarantar tana aiki.

Sai ka samu ɗalibai su kaɗai, ba gaban malami ba. Ka tambaye su yaushe rabon su da kwaɓa siminti. Ka dubi tafin hannunsu in kuna gaisawa. Sannan ka nemi jadawalin mako na ainihi, wanda aka manna a bango, ka ƙirga awannin aji da na fili da kanka.

Sabon Shiga: Malam, Allah ya saka da alheri. Wallahi ban taɓa tunanin leƙa bayan ɗaki ba. To malaman fa, ta yaya zan san sun iya?

Malamin Aikin Hannu: Ka tambaye su cikin ladabi wane gini suka yi aiki a kai na ƙarshe, kuma yaushe. Wanda ya yi zai ba ka labari har ka gaji, da matsalar da suka samu a ƙasar wurin da yadda suka warware. Wanda bai yi ba zai koma maganar takardunsa.

Na Gani Da Idona: Ni dai abu ɗaya zan ƙara, kuma da ciwo nake faɗa. Na yi shekara biyu a wata makaranta, ba zan kama suna ba. Gini mai kyau, fenti sabo, har da kwamfutoci. Da na gama na je neman ci gaba a wata kwaleji, aka duba aka ce kwas ɗin da na yi ba shi da amincewar hukuma. Makarantar tana da rajista, amma shi kwas ɗin ginin ba a tantance shi ba, kullum ana ce mana ana kan hanya. Sai da na koma aji ɗaya tare da ƙannena. Ƙanena, rajistar makaranta daban, tantance kwas daban. Kar ka karɓi maganar baki, kar ka karɓi hoton takarda a bango. Ka je wurin hukumar da ke tantance makarantun fasaha a ƙasarku, ko shafinta na intanet, ka nemi sunan makarantar da sunan kwas ɗin da shekarar da amincewar za ta ƙare. Ka kuma tambayi ƙungiyar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista ko tana karɓar takardar. In suka ce ana kan hanya, ka bari su iso tukuna.

Injiniyan Bene: Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa. A ƙara da wannan: a tambaya ko takardar tana da matakala. Wato in ka gama shekara biyu, ka yi aiki, daga baya ka so ƙari, za a ɗora maka daga inda ka tsaya ko sai ka sake daga farko? Yaro mai shekara 19 bai san abin da zai so yana da 28 ba.

Mai Sauri: Ni fa ban ga abin wahala ba. Komai yana YouTube yanzu. Wata shida ka kalli bidiyo, ka fi mai difloma.

Mai Ƙididdiga: Ƙanena Mai Sauri, bidiyo yana da amfani, ni ma ina kallo. Amma bidiyo ba zai riƙe hannunka ya ce layin nan ya karkace ba, kuma ba zai sa hannu a takardar da za ka nuna wa mai ba da kwangila ba. Ga shi kuma wanda ya ɗauki bidiyon da ƙasar wurinsu da yanayinsu da dokar gininsu yake magana.

Sabon Shiga, tunda ka ce kana so wata rana ka karɓi aikinka, bari in faɗa maka inda na ga ƙwararrun magina suna faɗuwa. Aikina ƙididdigar kayan gini ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Mutum ya iya hannu kamar me, amma a ba shi zane ya fitar da yawan bulo da siminti da rodi, sai ya yi kintace. In ya yi ƙasa, ya ci bashi ya ƙarasa aikin mutane ko ya gudu. In ya yi sama, wani ya karɓe aikin. Don haka ka duba manhajar makarantar: akwai karatun zane? Ana koyar da sikeli, ka san santimita ɗaya a zanen 1:100 mita ɗaya ce a ƙasa, a na 1:50 kuma rabin mita? Akwai awo da ƙiyasi, da rubuta takardar yawan kaya, da ɗan abin da ya shafi yarjejeniyar kwangila? Ana zane da kwamfuta, kamar AutoCAD ko Revit, kuma kowa na samun zama gabanta ko leƙe ake yi ta kafaɗar wani? Ka fara da fensir dai, wanda ya zana da hannu ya fi saurin gane kuskure a allo.

Abu na biyu, horon sanin makamar aiki. Kowace makaranta za ta ce tana tura ɗalibai. Tambayar ita ce: su ke nemo wurin, ko takarda za su ba ka su ce je ka nema? Malami yana zuwa ya duba ka a can? Wata nawa ne? Ni aikina na farko a wurin da na yi horo na same shi, kuma yawancin 'yan ajinmu haka. Ka ce su faɗa maka inda 'yan bara da bara waccan suke yanzu. Makarantar da ta damu da ɗalibanta ta san amsar.

Ɗan Ci-rani: Anti ta taɓo inda nake so. A Jamus tsarin nasu ma gaba ɗaya a kan haka aka gina shi. Mai koyon birkila yana yin shekara uku, yana da yarjejeniya da kamfani, ana biyan sa alawus, yawancin lokacinsa a wurin aiki, sauran a makarantar sana'a, a ƙarshe ya yi jarrabawar hannu da ta rubutu. Ba kowace ƙasa ke da irin wannan ba, amma kana iya haɗa wa kanka mai kama da shi: makaranta a ranakun karatu, kawunka a ƙarshen mako da hutu. In kuma kana tunanin aiki a wata ƙasa nan gaba, ka tambaya tun yanzu wa ya san takardar a waje. Akwai takardun sana'a irin na City and Guilds, cibiyar da aka kafa a Landan a 1878, da ake karɓa a ƙasashe da dama. A ɓangaren injiniya kuma akwai yarjejeniyoyin amincewa da karatun juna tsakanin hukumomin ƙasashe: ta Washinton ta 1989 don masu digirin injiniya, ta Sidni ta 2001, da ta Dublin ta 2002 don masu matakin fasaha na ƙasa da haka. Ka duba ko hukumar ƙasarku tana ciki.

Uwar Ɗalibi: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba ma'aikaciyar gini ba ce, uwa ce. Ɗana yana shekarar farko a irin wannan karatu, kuma abin da ke hana ni barci shi ne hawa sama. Duk cikinku babu wanda ya yi maganar lafiyarsu.

Malamin Aikin Hannu: Hajiya, kin yi gaskiya, kuma laifinmu ne da muka bari sai da kika tuna mana. Faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini a duniya. Ga ruftawar rami, mutane suna raina ta, alhali ƙasa mita ɗaya ta kowane gefe ta fi tan ɗaya nauyi. Ga ƙurar yankan bulo da dutse da ke lalata huhu a hankali, ga ɗanyen siminti da ke ƙona fata in ya daɗe cikin takalmi. Sabon Shiga, in ka je, ka duba ko ɗalibai na sanye da hular kwano da takalmin aiki da safar hannu, kuma shi malamin ma yana sanye. Inda malami ke yawo da silifa a fili, duk abin da aka rubuta a manhaja kan kariya rubutu ne kawai.

Injiniyan Bene: Kuma lafiyar waɗanda za su zauna a ginin ma tana wuyanmu. Ku tuna Rana Plaza a Bangladash, 24 ga Afrilu 2013. Bene mai hawa takwas, an ƙara hawa na sama ba bisa izini ba, an ga tsaga kwana ɗaya kafin nan, aka ce ma'aikata su koma ciki. Benen ya rushe, mutum 1,134 suka rasu. Akwai ranar da mai kuɗi zai ce maka rage rodi, ƙara hawa ɗaya, cire katako gobe. Ina so ka fito daga makarantar da za ta ba ka hujjar da za ka ce a'a, ka kuma iya bayyana dalili da lissafi.

Tsohon Birkila: Wannan kam ban da ta cewa. Mu da a'a ɗinmu ba ta da takarda, sai a sallame ka a kawo wani. Ɗana, je ka makarantar. Amma kar ka saki kawunka, kuma in ka dawo kar ka raina leburan da ka bari.

Sabon Shiga: Iyayena, na dawo bayan mako biyu, na je uku. Ta farko ita ce mai sunan da kowa ya sani, kuma gaskiya tana da kyau, amma injin gwajin yana rufe da leda, bayan ɗakin kuma share yake tas. Wani ɗalibi ya ce mini sau biyu suka kwaɓa siminti a zangon da ya wuce. Ta biyu an ce kwas ɗin ana kan hanyar tantance shi, na tuna maganar Yaya Na Gani Da Idona na yi musu sallama. Ta uku kwalejin fasaha ce, fentinta duk ya koɗe, kuma ta fi nisa da gida. Na tarar da 'yan shekara ta biyu suna ɗaura rodin matakala, mata uku a cikinsu, kowa da hularsa. A bayan ɗakin gwaji na ga tulin da Malam ya faɗa, har na ɗauki guda na karanta kwanan watan, na watan jiya ne. Na duba sunan kwas ɗin a shafin hukuma, yana nan. Matsala ɗaya, kwamfutocinsu kaɗan ne, mutum uku ke raba ɗaya. Kuma sun ce lissafina sai na ƙara himma.

Mai Ƙididdiga: Kwamfuta abu ne da za ka iya cike giɓinsa daga baya, fili da injin gwaji kuwa ba za ka saya a ɗakinka ba. Ka tambaye su maganar horo?

Sabon Shiga: Na tambaya Anti. Wata huɗu ne, su ke nemo wuri, kuma malamin ya buɗe littafi ya nuna mini inda 'yan bara suka je. Gobe in Allah ya yarda zan kai takarduna.

Injiniyan Bene: Madalla. Lissafin kuma ka fara tun yau: faɗi da tsawo da zurfi, kashi cikin ɗari, da kusurwoyi. Ka auna ɗakin da kake kwana, ka zana shi a 1:50, ka fitar da yawan bulon da ya ci, ka turo mu duba.

Tsohon Birkila: Allah ya sa albarka ɗana. In an koya muku maganar ruwan kwaɓi ka dawo ka yi mini bayani. Injiniyan da muke aiki da shi yanzu ya kafe buhu mai kilo 50 kada ya sha fiye da lita 25, har bokiti ya sa aka yi wa alama, yarana kuma kullum kuka suke kwaɓin ya yi tauri. Na ga dai dakinsa ba ya tsagewa, ina so in san dalili.